Sun raɗa mini "Sarkin Shara" a ofis: wasa ne ko raini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da na fara aiki a sashen kula da rumbun bayanai na wani ofis a nan Zariya. Makon jiya na buga umarnin DELETE mai share bayanai, na manta ban sa WHERE mai fayyace layukan da za a share ba, na share teburin bayanai guda ƙaƙaf. Allah Ya rufa asiri a sabar gwaji ne, wato kwamfutar da muke gwaji a kanta, ba wadda ke riƙe da ainihin bayanan ba. Tun ranar manyan sashen suka raɗa mini "Sarkin Shara", da na shigo sai wani ya ce a ɓoye tebura. Abin ya fara yi mini ciwo. Raini ne in kai ƙara wurin oga, ko haka aikin ya gada?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da arziki, kuma Allah Ya ja zamanin Sarki. Ka yi haƙuri, ni ma na kasa riƙe bakina. Ka dakata da maganar kai ƙara, ka saurari yadda na samu nawa sunan.

Shekarun baya, a wani wurin aiki da ba sai na ambata ba, ina zaune gab da magariba da tagogi biyu a buɗe a kan allon kwamfuta, dukkansu baƙaƙe, ɗaya na sabar gwaji ɗaya na sabar da ake aiki da ita. Manhajar rumbun bayanai ta Oracle muke amfani da ita. Na buga DELETE a tagar da na ɗauka ta gwaji ce, sai na ga adadin layukan da suka tafi ya zarce abin da sabar gwajin ta taɓa ɗauka. Nan take gumi ya keto mini, ga sanyin na'ura yana kaɗawa a ɗakin. A wannan matakin komai bai lalace ba tukuna, domin ban buga COMMIT mai tabbatar da canji ba, kalma ɗaya tak, ROLLBACK, za ta mayar da komai yadda yake. To amma tsoro ba ya barin mutum ya yi tunani. Sai na buga EXIT, wato "fita", don in gudu daga tagar, kamar yaron da ya fasa tulu ya ruga ɗaki. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, SQL*Plus, wato manhajar da nake buga umarnin a cikinta, idan ka fita da EXIT takan tabbatar maka da duk abin da ka yi kafin ta rufe. Da hannuna na sa wa ɓarnar hatimi.

Ogana yana bakin famfo yana alwala. Na tsaya a bayansa na kai minti ɗaya ina shawara da zuciyata, in faɗa ko in yi shiru in ga ko za a gane. Abin da ya buɗe mini baki shi ne, wannan mutumin kusan kullum wajen shan shayi sai ya ba mu labarin ranar da shi ma ya share teburin albashi yana sabon ɗauka, yana bayarwa yana kwaikwayon yadda ƙafafunsa suka riƙa rawa, mu kuwa muna ta ƙyaƙyatawa. Na ce a raina, wanda ya yi wannan ba zai cinye ni ba. Na faɗa masa. Ko ɗaga murya bai yi ba, tambaya ɗaya ya yi: "Minti nawa yanzu?" Na ce kamar biyar. Ya taho da ruwa a gemunsa ya zauna a kujerata, ya yi amfani da umarnin AS OF TIMESTAMP ya ciro teburin yadda yake kafin in taɓa shi, ya mayar da layukan. Oracle yakan riƙe tsohon yanayin bayanai na ɗan lokaci, saitinsa na asali daƙiƙa 900 ne, wato minti 15, ko da yake yakan wuce haka idan akwai wuri kuma sabar ba ta cika aiki ba. Da na bari sai gobe da safe, da sai dai mu koma ga kwafin daren jiya, aikin yini guda na mutane ya bi ruwa. Bayan ya gama ya miƙe ya ce, "Malam Fita, mu je mu yi salla." Har yau akwai waɗanda in mun haɗu a PZ ko wajen ɗaurin aure a cikin birni da wannan sunan suke kirana, wasu ma ba su san asalinsa ba.

Ka lura da abin da ya ceci bayanan nan. Ƙwarewar oga ta yi aiki, amma da ban yi magana cikin minti biyar ba da ƙwarewar ba ta samu abin kamawa ba. Barkwancin da yake yi da kansa a wajen shayi shi ya sa na yi magana. A sana'armu wannan shi ne babban amfanin wasan. Kuskuren rumbun bayanai yana da agogo a jikinsa, duk mintin da ya wuce sabbin bayanai suna hawa kan ɓarnar, gyaran yana ƙara wuya. Sashen da kowa ke tsoron a ji ya yi kuskure, a nan ake ɓoye abu har ya ruɓe. Na shiga ofisoshin da ba a dariya ko kaɗan, kowa fuska a murtuke, kuma a irinsu ne na fi tarar da ɓarnar da ta yi wata uku ba wanda ya furta.

Kai da kake Zariya ai bai kamata wannan ya zame maka baƙo ba. Bakano ya sauka a Kwangila, tun kafin ya shiga gari Bazazzagi ya fara yi masa tsiya, shi ma yana ramawa, ba mai fushi, kuma ranar da wani abu ya samu ɗayansu ɗayan ne a gaba. Haka Fulani da Barebari, haka taubasai, haka kaka da jika. Ba a yin wasan da bare. Ranar da manyan sashenku suka raɗa maka suna, ranar suka daina kallonka a matsayin baƙon da ake lallaɓawa. Har ma sunan ya yi daidai da al'ada, tunda tsakanin abokan wasa ake karɓar kuɗin shara. In ni ne kai, gobe zan shiga ofis in ce Sarkin Shara ya zo karɓar kuɗinsa, kowa ya kawo.

Kuma ba mu muka fara ba. Masu wannan sana'a a duk duniya haka suke, har wasan ya shiga cikin kayan aikin kansu. MySQL wani rumbun bayanan ne kamar Oracle, manhajarsa da ake buga umarni a cikinta tana da wani zaɓi mai suna --safe-updates, wanda ke hana UPDATE mai canza bayanai ko DELETE gudana idan ba ka sa WHERE mai amfani da mabuɗin tebur ko LIMIT ba. Waɗanda suka rubuta ta sun ba zaɓin suna na biyu, --i-am-a-dummy, ma'ana "ni dolo ne". Yana nan a cikin takardun bayaninsu, je ka duba. Maganin ciwonka ke nan daidai, kuma ni da furfurata ina kunna shi. Sunan MySQL ɗin ma, My sunan 'yar Monty Widenius ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, da ya ɓalle ya kafa wani a 2009 sai ya sa masa MariaDB, sunan ƙanwarta Maria. Tsofaffin masu Oracle duk sun san scott/tiger, asusun gwajin da aka yi shekaru ana koyo da shi: Scott ɗin Bruce Scott ne, cikin ma'aikatan farko na kamfanin, Tiger kuma kyanwar gidansu. Fitowar Oracle ta farko kasuwa a 1979 ma lamba 2 aka sa mata, don an san ba mai son sayen abin da aka rubuta wa lamba 1. SQL Server kuwa, rumbun bayanan kamfanin Microsoft, idan ayyuka biyu suka riƙe wa juna wuya kowanne yana jiran ɗayan ya saki, sai ya kashe ɗaya ya aiko maka da saƙon kuskure mai lamba 1205, yana sanar da kai cikin ladabi cewa aikinka ne aka zaɓa a sadaukar. Wani abokin aikina in ya ga wannan saƙon sai ya ce, "Yau ni ne ragon layya."

Akwai kuma rigimar da ba ta ƙarewa kan yadda ake furta SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, ko "sikwel" ake cewa ko "es-kyu-el". Tana da tushe: Donald Chamberlin da Raymond Boyce na IBM sun fara kiran yaren SEQUEL a 1974, daga baya aka gajarta sunan. Kada ka shiga wannan musun da zuciya ɗaya, masu yinsa ma ba so suke a gama ba.

Yawancin barkwancin nan in ka fasa shi darasi ne a ciki, kuma ya fi zama a kai fiye da abin da aka karanta a aji. Akwai wani zanen barkwanci na shafin intanet na xkcd da ya fito a 2007, na wata uwa da ta sa wa ɗanta suna Robert'); DROP TABLE Students;-- makarantar ta shigar da sunan a kwamfuta, teburin ɗalibai ya tafi gaba ɗaya. Duk mai wannan aiki ya san yaron da laƙabin Bobby Tables. Mu a nan ba ma buƙatar aron Bobby, muna da Mu'azu. Muna da Sa'adatu da Isma'il da Rabi'u da Ja'afaru. Wannan 'yar alamar da ke tsakiyar sunayensu ita ce alamar da SQL ke rufe rubutu da ita, don haka duk manhajar da aka rubuta da ganganci, ana liƙa abin da mutum ya shigar kai tsaye a jikin umarni, da Mu'azu ya zo rajista sai ta faɗi. Shi ya sa in wani mai rubuta manhaja ya kawo mana sabon fom yana taƙama, tambayar farko da muke yi masa ita ce, "Mu'azu ya gwada?" Ana dariya, amma maganar ta tsaro ce: ƙofar da sunan Mu'azu ya tura ta buɗe, ita ɓarawo zai bi ya kwashe bayanan ko ya share su. Gyaran kuwa shi ne a riƙa aika umarni daban, abin da mutum ya shigar daban, ba a cire alamar daga sunan bawan Allah a mayar da shi Muazu ba, kamar yadda na ga wasu suna yi.

Ɗanladi ma yana da nasa. In ka buɗe tebur ka tarar da "?anladi" da "?an Asabe", ka san an ajiye bayanan a tsarin haruffan da bai san ɗ da ƙ da ɓ ba, irin latin1. A wani sashe da na zauna, duk wanda ya kafa sabon rumbu bai sa utf8mb4, tsarin da ya san waɗannan haruffan, ba, "?anladi" ake kiransa har sai ya gyara. Ba wanda ya taɓa maimaita wannan kuskuren sau biyu. Sai lambar waya da ta rasa sifirinta na farko, 080 ta koma 80, alamar fayil ɗin ya bi ta hannun Excel. A kan Excel kam ba mu kaɗai muke kuka ba: a Oktoban 2020 aka gano cewa hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta tsallake sakamakon gwajin korona kusan 16,000 saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil da ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Don haka in ka ji wani dattijo a sashenku yana cewa Excel ba rumbun bayanai ba ne har jijiyar wuyansa tana tashi, da dalilinsa.

NULL kuma, alamar gurbin da ba a cika ba a tebur, shi ne aljanin gidan. Ma'anarsa "ba a sani ba", shi ya sa ko da kansa ba ya daidaita, NULL = NULL ba ta ba ka gaskiya, sai ka ce IS NULL. Wani mai binciken tsaron kwamfuta a Kalifoniya ya yi wa motarsa lamba NULL, yana ganin wayo ne, sai tarar motocin da ba a rubuta lambarsu ba ta riƙa sauka a kansa, har ta haura dala 12,000. Shi da kansa ya ba da labarin a taron DEF CON na 2019. Wannan labarin ya koya wa ɗalibaina bambancin NULL da rubutun "NULL" fiye da duk bayanin da na taɓa yi a kan allo.

Wasu maganganun kuma na rage zafi ne kawai. Haruffan DBA da ake kiranmu da su, wato mai kula da rumbun bayanai a taƙaice da Turanci, 'yan sana'ar sun ce asalin ma'anarsu "wanda ake ɗora wa laifi kafin a yi bincike". Intanet ya yi nauyi, rumbun bayanai ne. Wuta ta ɗauke janareta ya ƙi tashi, a kira mai rumbun bayanai. Kowace tambaya aka yi mana amsar ɗaya ce, "ya danganta", har wani ya ce ko sunanmu aka tambaya haka za mu ce. Sai dokar Juma'a: ba a taɓa sabar aiki ranar Juma'a. Turawa suna yinta ne don kada hutun ƙarshen mako ya lalace, mu kuwa muna da ƙarin dalili, wanda ya tura canji ƙarfe 12 zai ji huɗuba wayarsa tana ta rawa a aljihu.

Misalin da na fi so na zumuncin wannan sana'a shi ne abin da ya faru da kamfanin GitLab ranar 31 ga Janairun 2017. Wani injiniyansu yana gyaran matsala da dare, a gajiye, ya share ma'ajiyar rumbun bayanansu na PostgreSQL a babbar saba yana zaton ta biyun ce. Cikin daƙiƙa kaɗan ya farga, amma daga kusan gigabayit 300 abin da ya rage bai kai 5 ba. Da suka juya ga kwafin ko-ta-kwana, sai suka tarar hanyoyi biyar da suka tanada babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana faɗuwa shiru saboda pg_dump ɗin da ake ɗaukar kwafin da shi tsoho ne, bai dace da sabar ba. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin nan, bayanan awa shidan kuwa sun tafi. Kamfanin bai ɓoye ba, ya rubuta abin da ya faru dalla-dalla, har ya haska aikin gyaran kai tsaye a YouTube, 'yan sana'a daga ko'ina suna aiko musu da ban haƙuri, da yawa suna ba da labarin irin tasu ɓarnar. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, kowa ya shafa wa nasa ruwa: ni kaina a makon na gwada mayar da kwafinmu a wata saba daban, abin da na daɗe ina cewa gobe. Tsohuwar maganarmu ce cewa kwafin da ba a taɓa gwada mayarwa ba, ba a san ko yana da rai ba.

To sai dai ba zan ce maka duk tsokana wasa ce ba, don na ga wadda ba wasa ba ce. Ka duba abu kaɗan a sashenku. Masu kiranka Sarkin Shara, su ma suna da nasu sunayen, suna ba da labarin tasu kwaɓar? In kowa yana da tabo kuma yana nunawa, kana cikin 'yan'uwa. In kuwa kai kaɗai ake yi wa, su tsarkaka ne ba su taɓa kuskure ba, wannan dariyar ƙeta ce. Ka duba kuma a gaban wa ake yi. Tsakaninku a ɗakin saba daban, a gaban shugaban ma'aikata ko baƙin da suka zo daga waje daban, na biyun yana iya taɓa maka aiki. Sannan bayan dariyar, akwai wanda ya jawo kujera ya nuna maka yadda za ka kauce wa irin wannan? Wasan da ya tsallaka daga kuskuren ya koma kan garinku, ko makarantar da ka yi, ko yadda kake Turanci, ya tashi daga na sana'a. In haka ne, ka fara samun babban cikinsu shi kaɗai, ka ce, "Yallaɓai, abin nan ya fara damuna." Mafi yawan lokaci a nan yake mutuwa. In bai mutu ba, sannan ka je wurin oga, kuma ba ka yi laifi ba.

Kai ma akwai iyakokin da za ka kiyaye in ka fara ramawa. Ba a wasa ana tsakiyar gobara, sai an kashe. Ba a yi wa mutum wasan tsoratarwa a sabar aiki, irin a ɓoye masa tebur a ga yadda zai yi. Wanda ya fi duka nauyi: ba a barkwanci da abin da ke cikin teburan. Mu muke ganin albashin mutane, da sakamakon jarrabawar 'ya'yansu, da abin da likita ya rubuta a kansu. Zariya kuwa ƙaramin gari ne a wannan fannin, sunan da ka gani a layi na 40 wataƙila maƙwabcin wanda ke zaune kusa da kai ne a Tudun Wada, ko surukinsa. Na taɓa ganin an sallami ƙwararren yaro a kan ya karanta wa abokai makin wani suna dariya, kuma ban ga an zalunce shi ba.

Game da kuskuren naka, ga abin da nake sa duk sabon da ya zo hannuna ya yi. Ka fara rubuta umarnin a matsayin SELECT, mai nuno layuka kawai, da WHERE ɗinsa, ka ga layukan da ya kawo da idonka, sannan ka canza kan umarnin zuwa DELETE. Ka buɗe da BEGIN, mai riƙe canjin har sai ka tabbatar, ka dubi adadin layukan da abin ya shafa, in ya yi daidai da abin da kake tsammani ka yi COMMIT, in ba haka ba ROLLBACK. Ka san halin rumbun da kake kai: a PostgreSQL ko TRUNCATE mai kwashe tebur gaba ɗaya ka yi a cikin BEGIN kana iya janyewa, a Oracle da MySQL ya tafi ke nan. Ka sa wa tagar sabar aiki jan launi, ta gwaji kore, tun daga ranar Malam Fita ban sake barin tagogi biyu masu launi ɗaya ba. Asusun da kake shiga da shi kullum kuma ya zama na karatu kawai, mai ikon sharewa sai in da dalili.

Sunan kuwa, ka amsa shi. In aka ce a ɓoye tebura, ka ce an makara, ka riga ka ƙirga su. Ka nemi wanda ya fi kowa tsokanarka ka saya masa shayi da burodi, ka tambaye shi mene ne mafi munin abin da ya taɓa sharewa. Zai ba ka labari, kuma ina kyautata zaton nasa ba a sabar gwaji ya faru ba.